Gadagin da Kawu Dogo Ya Shuka wa Barewa

Tun da na dawo daga Nijar, duk ranar da na zauna a majalisarmu ta bakin tasha a Dutsin-Ma sai wani ya tambaye ni abin da ya kai ni. Wasu sun ce fataucin shinkafa na fara, wasu sun ce aure na je nema. In na ce kawuna na raka ya koyo cire ciyawa, sai a yi dariya a kama wata hira. Na ga gara in rubuta labarin gaba ɗaya, mai tambaya ya huta, ni ma in huta da maimaitawa.

Kawu Dogo wan mahaifiyata ne. Maharbi ne ɗan maharba, yana zaune a wani ƙauye na ƙasar Ɗantutture, cikin Kurfi. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, mutanen yankinmu sun san dalili. Tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan da ke yamma da su, gonakin can suka koma saura, saura ta koma daji, namun da aka daɗe ba a gani ba suka fara dawowa: zomo, gada, har da 'yan barewa kaɗan. Gonar Kawu ita ce ta ƙarshe kafin a shiga wannan daji. A gefenta na yamma ya ware wani fili ya watsa irin gadagi, ciyawar nan mai yaɗo da ake yanko wa dawaki, wadda barewa ke so fiye da komai.

Ba don farauta ya shuka ba. Barewa ba ta kiwo inda babura suka ratsa, ba ta tsayawa inda ta ji warin fetur ko hayaƙin mutane. Kullum bayan sallar asuba Kawu kan je filin shi kaɗai ya duba sawu. In ya ga sabon sawu gajere-gajere, na dabbar da ta ci ta ƙoshi cikin kwanciyar hankali, sai ya dawo ya ce wa mutanen gari su fita gona. In bai ga sawu ba, ko ya ga mai nisa da zurfi irin na gudu, sai ya ce yau a zauna gida. Sau da yawa ranar da ya ce a zauna, kafin azahar labari ya iso daga wani ƙauye. Mutane sun ɗauka asirin maharba ne, shi kuwa ya bar su a haka, domin a garin da ake wata da watanni ba a ga nama ba, ranar da aka san barewa na zuwa gonar, ranar wani zai kafa tarko. Ni ma bai gaya mini ba sai da ya bukaci ɗan boko da zai raka shi ƙetare iyaka.

Abin da ya tayar da tafiyar garmani ne. Ciyawa ce mai faɗin ganye da jijiya mai taurin igiya, dabba ba ta cin ta, ita kuwa tana cin fili. Ta shiga gadagin ta yi masa rumfa. Kawu ya sa fartanya, ta dawo ninki. Ya sayo maganin feshi a kasuwar Kurfi ya gwada a kusurwa ɗaya, gadagi ya ƙone ƙurmus, garmani ya riga shi tsirowa. Barewa suka fara tsallake kwana ba su zo ba, shi kuma ya rasa gane ko mutane ne a daji ko abinci ne ya ragu. Wani Bafulatani da ke kai shanunsa arewa da damina ya ba shi labarin wani tsohon ma'aikacin gandun daji, gaba da Maraɗi ta hanyar Dakoro, wanda ya shekara da shekaru yana shuka wa barewa gadagi. Kawu ya ce sai ya gan shi. Kafin ya taso ya tara mutanen gari ya ce har ya dawo kada kowa ya wuce gonakin bayan gida.

Na same shi a tashar Kurfi ranar kasuwa, da hula haɓar-kada, da wuƙarsa a ɗamara, da wani ƙullin buhu da ya hana kowa taɓawa. A ciki akwai garmani da gadagi da ya tumɓuke da saiwarsu, don ya nuna wa mutumin. Na ce masa ai za a samu irinsu a can. Ya ce, “Likita ba ya duba ɗan maƙwabci ya rubuta wa naka magani.”

Daga Kurfi zuwa Katsina ba nisa, amma motar ta yi tsit kamar ɗakin jarrabawa. Direba bai tsaya ɗaukar kowa a hanya ba, har wata tsohuwa da ta ɗaga masa hannu ya wuce ta yana istigfari. Sai da aka hango gine-ginen birni mutane suka tuna suna da baki. Muka canza mota zuwa Jibiya. A bakin iyaka wani mai shago ya ba Kawu shawara ya ajiye wuƙarsa a wurinsa, kada ta ja masa dogon bayani. Kawu ya kwance ta ya miƙa, ya yi ta taɓa ƙugunsa har muka ƙetare, kamar wanda ya manta wando.

Buhun ne ya tsayar da mu a ɓangaren Nijar. Jami'in da ya kwance shi ya ga ganye ya yi yaushi, ya shinshina, ya kira abokin aikinsa shi ma ya shinshina. Na fara bayani da Hausar da na saba yi a gaban makirufo a gidan rediyon da nake aiki, ina jera dalilai, ba wanda ya saurare ni. Kawu ya ce ciyawa ce kawai.

“Baba, ciyawa ta ƙare a Nijar ne da za ka shigo mana da ita?”

Wata mai fura da ke zaune a gindin itacen bedi ta leƙo, ta ɗauki reshe ɗaya ta jefar kamar ta taɓa kunama. Ta ce garmani ne, shi ya cinye musu makiyaya, su bar tsoho ya wuce amma ciyawar ta tsaya, wadda suke da ita ta ishe su. Haka aka yi. Aka ƙona garmanin a gabanmu, aka bar masa gadagin. Da muka hau mota Kawu ya ce a hankali, “Ashe wanda muka zo kai ƙara ya riga mu isowa.”

A Maraɗi mun sauka a zauren wani Alhaji Bakatsine mai sayar da atamfa, wanda duk baƙon da ya zo daga wajenmu ba ya rasa tabarma a gidansa. Hausarsu ta kakanninmu ce, Kawu ya shige cikinta kamar kifi a ruwa, ni kuwa da na buɗe baki sai a ce Bakano ya zo. Asibiti su ce likita, makaranta su ce lakwal, malamin boko su ce mushe. Da safe aka kawo burodi dogo siriri, Kawu ya juya shi ya tambaya ko na ci ne ko na kora awaki. Wurin shayi kuwa ya yi laifi bai sani ba. Ya shanye ƙaramin kofin farko mai ɗaci, ya yi godiya ya miƙe. Mai dafawa ya ɓata rai. Sai da Alhaji ya ja shi gefe ya gaya masa a can shayi hawa uku ne, wanda ya tashi a na farko kamar ya ce hirar ba ta yi masa ba. Kawu ya koma ya zauna, ya sha na biyu da na uku, idonsa na kan hanya. Sauro ya yi mana rakiya har asuba.

Daga Maraɗi muka hau akori-kura, mu da buhunan gishiri da tumaki biyu. Abu biyu na lura da su a hanyar. Na farko, manoman can suna barin itatuwa a tsakiyar gona, gawo da kalgo da aduwa, suna yi musu aski maimakon sara, kuma an ce wanda ya sare gawo sai ya amsa tambaya. A wajenmu masu gawayi sun gama da irinsu tuni. Noma kuma a tsaye suke yi, da hauya mai doguwar ƙota da suke turawa gaba, ba sunkuyo irin namu. Na biyu shi ne garmani. Duk inda gona ta ƙare, shi ne dama da hagu, kore shar har iyakar gani kamar an shuka shi da gangan, awaki na tsaye a cikinsa haƙarƙarinsu a waje. Ban taɓa ganin yunwa a tsakiyar kore ba sai ranar.

Motar ta mutu a wani ƙauye da rana tsaka. Muna zaune a inuwa ana kwance inji, wata mata mai sayar da dafaffiyar gyaɗa ta ji maganar Kawu, ta matso ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi garinsu. Da ya faɗa sai ta ajiye farantin. Ita 'yar ɗaya daga ƙauyukan nan ne da aka tasa a yamma da su Kawu, ta gudo da 'ya'yanta, mijinta bai samu fitowa ba. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaya ko tsamiyar bakin rijiyarsu na nan, ko akwai mai noma gonarsu ta gefen rafi. Kawu ya ce tsamiya na nan. Maganar gona ya ce bai kai can ba kwanan nan. Ta cika mana aljihu da gyaɗa, ta ƙi karɓar komai, ta ce mu gaida gida, ko da yake ba ta faɗi wa za mu gaisar ba. Sai da mota ta tashi muka yi nisa Kawu ya ce mini ya san gonar sarai.

“Barewar da nake duba sawunta, a gonar mijin matar nan take kwana.”

Mun iske mutumin da muka zo nema a wani ƙauye a bakin gandun daji. Mushe Haruna suke ce masa. Tsoho ne gajere mai ɗingishi, ya yi lakwal, ya yi aikin daji har ya gaji, ba ya son doguwar gaisuwa. Ya saurari Kawu, ya karɓi gadagin da ya bushe a buhu ya murza, ya ce iri ɗaya ne da nasa. Sannan ya juyo ya shinshina ni kamar yadda aka shinshina buhunmu a iyaka, ya ce da wannan turaren ba zan taka filinsa ba. Ya ba ni wata tsohuwar riga da ke rataye a garken awaki. Kawu ya ce tun da aka haife ni bai taɓa ganin rigar da ta dace da ni kamarta ba. Wannan ce dariya ɗaya da na ji ya yi a duk tafiyar.

Ɗakin da aka ba mu na kara ne, abinci kuwa fura mai ruwa-ruwa da rana, tuwon gero da miyar kuka da yamma, wani lokaci da cuku, busasshen nono mai faɗi kamar takarda da ake tsomawa a shayi. Filin yana da ɗan tafiya daga gari. Mushe Haruna ba ya zuwa sai rana ta take, lokacin da dabbobin ke kwance can nesa, kuma kafin la'asar ya bar wurin don iska ta kwashe warinsa.

Kawu ya fara ba shi labarin fartanya. Mushe Haruna ya durƙusa ya kwarfo ƙasa a tafin hannu ya nuna mana wasu ƙananan ƙwayoyi baƙaƙe. Ya ce 'ya'yan garmani ne, suna iya shekaru a kwance cikin ƙasa suna barci, duk saran fartanya tashinsu yake yi. Gadagi kuma yaɗo yake a ƙasa, fartanya ba ta san shi da abokin gabansa ba. Don haka a filin gadagi ba a juya ƙasa ko kaɗan. Lauje ake sawa. A bar garmani ya yi tsawo ya wuce gadagi, da ya fara ƙullin fure, kafin ya zuba 'ya'ya, a bi shi a fille masa kai kamar taƙi ɗaya sama da gadagin. Rana ta samu hanyar sauka, gadagi ya yaɗu ya rufe ƙasa, abin da ke barci a ƙarƙashi ya ci gaba da barci. In ya sake tohowa a sake yankewa, haka har damina ta wuce. Manyan da suka yi jijiya a tumɓuke su da hannu, amma sai bayan ruwa, ƙasa na da laushi, a kuma danne ramin da diddige. Wanda ya riga ya yi 'ya'ya a kwashe shi a zane a kai nesa a ƙona. Ƙarangiya da harƙiya a yanke su kafin su fid da kai. Da kaka kuma a ƙyale gadagi ya zubar da irinsa, inda ya yi sanƙo a watsa iri a tattake da ƙafa.

Na tambaye shi maganin feshi, domin a shirye-shiryen noma da na yi shekaru ina gabatarwa kusan kullum da shi ake rufe bayani. Ya ce akwai wanda ke kashe ciyawa mai siririn ganye ya bar gadagi, amma wannan ba ya taɓa garmani. Wanda ke kashe garmani kuwa ba ya bambanta shi da gadagi, domin duk masu faɗin ganye ne. Kawu ya ce wannan darasin ya riga ya biya kuɗinsa.

Muka yi kwanaki muna aikin tare. Kawu ya kama hannun laujen tun ranar farko. Ni tafin hannuna ya yi bororo, bayana ya ƙage, na kuma fille gadagi fiye da sau ɗaya, Mushe Haruna na bina da harara. Ko mu ukun nan, ya ce mun yi yawa, don baƙunci ne ya yarda. Ƙa'idarsa mutum biyu. Ya ba mu labarin shekarar da wasu baƙi suka zo da motoci kallon filin, suka zagaya shi suna ɗaukar hoto, da kyakkyawar niyya. Barewa ba su sake taka wurin ba sai wata damina. Ya ce dabbar na iya yafe wa mutum ɗaya da ta saba da warinsa, taro ne ba ta yafewa.

Wata rana muna hutawa ya nuna mana wata aduwa can cikin garmani, ya ce a da filinsa har can ya kai. Kawu ya tambaye shi to yaushe ake gamawa da shi.

“Ba a gamawa, Malam Dogo. Ana dai hana shi ya gama da kai bana.”

Da yammacin ranar ya kai mu kan wani tudun rairayi mai nisa, iska na busowa daga filin zuwa gare mu, muka kwanta rub da ciki. Gab da faɗuwar rana suka fito, ja-ja, suna taku suna tsayawa, uwa a gaba da ɗanta a baya. Na girma a gidan maharba ta wajen uwa, amma ban taɓa ganin barewa da rai ba sai a ƙasar wasu. A nan kan tudun Kawu ya gaya wa Mushe Haruna amfanin da nasa filin ke yi. Tsohon ya ce shi yana shuka ne don kada su ƙare, bai taɓa jin inda mutane suka rataya ransu a sawun barewa ba. Ya ce in haka ne mu koma gobe, garmanin Kawu na gab da fure. Ya ba shi ƙullin iri da laujensa na hannu, wanda ƙotarsa ta yi santsi don daɗewa.

Ba mu koma gobe ba. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, kwarin da ke tsakaninmu da babbar hanya ya cika ya kawo, mota ba ta shiga ba ta fita. Layukan wayarmu tun iyaka suka mutu. Kawu kan je bakin ruwan ya kafa kara, ya koma ya duba ko ya janye. Ya daina cin tuwo sosai. Da ruwan ya sauka zuwa ƙugu muka ƙetare da ƙafa, kayanmu a ka, laujen a hannunsa sama. Maraɗi ko shayi ba mu tsaya sha ba. A iyaka ya karɓi wuƙarsa ya ɗaura, muka kwana Katsina, washegari muka sauka Kurfi muka hau babura zuwa ƙauye don mu isa da sauran rana.

Tarbar da aka yi mana ta fi ta kullum. Yara suka karɓi kaya, mata na leƙe ta kan danga suna murmushi. Kawu ya fara tambayar ko lafiya, aka ce lafiya lau, ba a taɓa kowa ba. Ya sauke ajiyar zuciya. Malam Iro, amininsa tun suna yara, wanda suke zagin juna kamar taubasai, ya ce kada ya zauna tukuna, akwai abin da gari ke so ya gani.

“Tsohon banza, kai dai ka iya yawo. Taho ka ga abin da ka kasa.”

Muka bi shi, dattawa da samari a bayanmu. A hanya Malam Iro ke bayani. Ya ce sun daɗe suna jin nauyin abin. Mutumin da ke tashi da asuba ya shiga daji dominsu, ba mata, ɗansa ɗaya yana kudu, ga gefen gonarsa ciyawa ta cinye, su kuwa suna wucewa suna kallo. Sun sha yi masa tayin taimako yana ƙi, sun san girman kai ne irin na maharba. Da ya yi tafiya sai liman ya yi magana bayan sallar Juma'a, aka sa ranar gayya. Sun san ya hana su wuce bayan gida, amma suka ce in shi yana zuwa kullum shi kaɗai, su ba za su kasa zuwa rana ɗaya ba. Ba kiɗa, ba kirari, kada a ji su daga daji. Duk mai iya ɗaga fartanya ya je, mata suka kai fura.

Aikin ya yi kyau, wannan ba a musu. An nome filin tas, ba kore ko ɗaya. An yi huɗa madaidaiciya, an shuka wake da irin da aka tara gida-gida, har ya fara tsaga ƙasa. Gadagin an kwashe an raba wa awakin gari. Malam Iro ya ce sun ga sawun dabbobi ko'ina, ashe har barewa ke shigo masa ɓarna, shi ya sa samari suka saro ƙaya suka yi shinge ta gefen daji. A tsakiya kuma ga mutum-mutumi da tsumman riga da leda tana kaɗawa a iska.

Na dubi Kawu. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Ya taka cikin huɗar, ya durƙusa, ya kwarfo ƙasa a tafin hannu kamar yadda Mushe Haruna ya yi. Tsakanin waken akwai wasu ƙananan tsiro masu ganye biyu, birjik kamar an watsa gero. Ya zubar da ƙasar ya kaɗe hannu. Mutane na tsaye suna jira, wasu da tabon ƙaya a hannu. Sun sa ransu a hanya dominsa, kuma a ƙasarmu ba a mayar wa gayya da komai sai godiya.

Ya miƙe ya ce, “Allah shi saka da alheri. Allah shi bar zumunci. Kun yi abin da ɗa ke yi wa uba.”

Aka shafa fatiha. Da muka koma gida ya aika aka sayo goro aka raba. Laujen ya soke shi a jikin danga, ƙullin irin ya rataye a rufin ɗaki inda ɓera ba zai kai ba. Na ce masa ya tara su ya gaya musu gaskiya, a cire shingen, a sake watsa iri. Ya ce zai gaya musu, amma ba yau ba, kada a ce gumin da suka zubar ya raina. Iri kuma sai wata damina, ƙasar da aka juya bana ta garmani ce. Ko da an cire ƙaya, warin gari guda na wurin. Daga baya, da na ce zan rubuta wannan, ya ce in rubuta, yanzu ba sauran abin da tarko zai kama.

Na kwana a ƙauyen. Da asuba ya fita kamar kullum, na ji ƙarar ƙyauren. Gari na wayewa mutane suka fara taruwa a ƙofar gidansa da fartanyoyi a kafaɗa, kamar yadda suka saba, suna hira ƙasa-ƙasa. Ya daɗe fiye da yadda ya saba. Da ya dawo wandonsa ya jiƙe da raɓa har gwiwa, alamar ya zagaya bayan shingen ya shiga daji da nisa.

Malam Iro ya ce, “To, Sarkin Baka, mu fita?”

Kawu ya ce, “Ban sani ba.”

Wasu suka yi dariya, sun ɗauka tsokana ce tsakanin aminai. Malam Iro bai yi ba, ya san muryar. Gero na bukatar maimai, kwanakin da suka yi a bayan gida sun riga sun ci musu aiki, kuma wanda bai noma da damina ba ya san abin da ke jiransa da rani. Wani ya gyara fartanyarsa ya kama hanya, wani ya bi shi, a hankali ƙofar gidan ta watse.

Kawu ya jawo buzu ya zauna a waje yana fuskantar yamma. Aka kawo koko ya huce a gabansa. Bai sa komai a bakinsa ba sai da na ƙarshensu ya shigo gari da la'asar. Na bar ƙauyen washegari, amma duk wanda ya zo Dutsin-Ma daga can ina tambayarsa, amsar kuma ɗaya ce: har yanzu haka yake zama.